Faifan Da Ya Haɗiye "Kada"

Mai saye ya ɗora allurar garmaho a kan faifan, muryar mawaƙin ta fito tas: "Kada ki tafi." Nan take ya ɗage allurar.

"Hajiya, wannan ba shi ba ne."

Faifan marigayi mijin Inna yana da aibi tun daga masana'anta. Wani ɗan ƙullutu yana sa allura ta tsallake "kada", sai mawaƙin ya koma cewa "ki tafi". Kamfanin ya janye faya-fayan ya farfasa, kaɗan suka tsira, kuma aibin ne masu tara tsofaffin faya-fayai ke rububi a kai. Yanzu ga lafiyayye a cikin kwalin. Wani ya yi musanya.

Inna ta juya ta yi wa Autanta kallon tuhuma. Shi kuwa, magidanci da gemunsa, ya shige ɗaki ya fara cusa kaya a jaka. Barin gidan yake nufi, kuma Inna ta sani.

Sajan, ɗan sanda maƙwabcinsu, ya shigo da silifas. Mutum ne mai sanyin jiki, har ka zaci barci yake ji.

"Wa ya taɓa faifan?"

"Auta, da mai gyaran garmaho, da dillali," in ji Inna.

Mai gyara ya fita daga zargi da wuri. Injin kaɗai aka kai masa, kuma yau da safe ya dawo da shi.

Auta ya amsa daga bakin ƙofa. "Yallaɓai, na goge masa ƙura. Faifan Babana ne. In sata ce wannan, to na yi."

Saura dillali, wanda ya kawo mai sayen, yana zaune yana ta salati.

"Yaushe ka fara ganin faifan?"

"Makon jiya. Na kai shi bakin taga na duba."

"Inna tana wurin?"

"Ta je kawo mini ruwa."

"Ka saurare shi?"

"Ina! Garmahon yana wurin gyara. Wallahi kunnena bai taɓa jin sa ba, labarin aibin kawai na sani."

Sajan ya yi hamma, ya rufe kwalin kamar an gama. "Ni fa na manta waƙar nan. Yaya ma take?"

Dillali ya saki jiki, ya rera. Da ya iso wurin sai ya yi ɗan tuntuɓe, kansa ya girgiza, ya ce "ki tafi". Inna ta dafe ƙirji. Haka mijinta yake tsokanarta da ita, har da girgizar kan.

"Duk wanda ya ji waƙar a rediyo yana rera 'kada'," in ji Sajan. "Labarin aibi ana ji a bakin mutane. Amma wannan tuntuɓen, a daidai gurbinsa, kunne ne ke koya wa baki, kuma sai an saurara an maimaita. Ranar da ka fara zuwa, garmaho ba ya gida. A ina ka ji?"

Dillali ya amsa laifinsa. Ya shigo da lafiyayye a cikin riga, ya musanya a bakin taga, da niyyar in ciniki ya watse ya sayar da na ainihin a ɓoye. An samo faifan a kan garmahon shagonsa. Kwaɗayin saurare ne ya tona masa asiri.

Mai saye ya gwada. Allura ta yi tsalle, mawaƙin ya kori masoyiyarsa, kowa ya yi dariya. Inna ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, sai kunya ta maye gurbinsa.

Ta tashi ta je bakin ƙofar ɗaki. Auta yana tsaye, jaka a kafaɗa.

"Ka yafe mini, ɗana," ta ce. Sannan ta faɗa a hankali, don kada kalma ɗaya ta tsallake: "Kada ka tafi."

Ya ajiye jakar.