Tsutsar Dutsen Kansas

Rana na gab da faɗuwa Farfesa Wendell Stroud, shugabana a ɗakin bincikenmu na St. Louis, ya kira ni a waya.

"Doreen, sauko ɗakin ƙasa ki tsame min dutsen nan daga soda. Idona ya gaji."

Aikinmu ke nan kullum. Mu yanki ɗan siririn dutsen da ya faɗo daga sama, mu dafa shi a ruwan soda, sai sawun ƙwayoyin sararin samaniya da suka huda shi ya fito ƙarƙashin madubin ƙara girma, miƙaƙƙe kamar allura, mu ƙirga. Wannan kuwa wani manomi ne ya tono shi a Kansas, inda shanunsa suka ƙi kiwo.

Tun a matakala wari ya tare ni. Soda ba ta wari haka. Warin mushe ne, gauraye da na ruɓaɓɓiyar madara.

Tukunyar na tafasa, ɓul-ɓul, da kumfa mai maiƙo. Na toshe hanci, na tsame dutsen, na ɗauraye, na ɗora a madubi.

"Leƙa," ya raɗa daga bayana. Bai kunna fitila ba.

Na leƙa.

Sawayen ba a miƙe suke ba. Farare ne, ƙosassu, suna mutsu-mutsu.

"Farfesa, ai tsutsa ce."

"A tafasasshiyar soda? Haba, Doreen. Ƙirga su. Suna son a ƙirga su."

Gaba ɗaya suka ɗago kai, suka fuskanci idona.

Wani abu mai danshi ya taɓa min gashin ido.

Na zabura, na juya.

Idanun Wendell sun yi fari fat, duk ƙananan ramuka. Abin da ke zubo masa ba hawaye ba ne. Rarrafe yake. Ɗaya ta gangaro leɓensa, ya lashe.

"Mun daɗe cikin sanyi." Muryar ba tasa ba ce. "Idonki da ɗumi."

Ya cafki hannuna. Tafinsa yauƙi kamar kuɓewa.

Amai ya ƙwace min, a ƙirjinsa. Yauƙin nan ne ya cece ni, na zame, na haye matakala da rarrafe.

Washegari aka tarar da shi zaune, makaho. Likita ya ce soda ce ta fantsar masa. Dutsen kuwa, aka neme shi aka rasa.

Na bar aikin, na koma sayar da inshora. Har yau in aka ajiye min farar shinkafa a faranti, tashi nake yi.