Fatar Da Aka Yi Igiyar Takalmi Da Ita

Wata yarinya ce 'yar makiyaya. Tana kiwon awaki a duwatsun gefen Tekun Gishiri. Ran nan igiyar takalminta ta tsinke, ga ƙasa da zafi kamar garwashi. Haushi ya kama ta.

Ta shiga wani kogo neman inuwa. A ciki ta ga tulu mai murfi. Ta buɗe, sai ga tsohuwar fata a naɗe. Su kuwa makiyaya, duk fatar da suka tsinta, ta gyaran takalmi ce. Ta zaro wuƙa ta yanko yanki uku. Ta ɗaure takalmi da biyu, ɗaya ta ƙulle a bakin mayafi.

Tana isa tanti, babanta Salama ya dubi ƙafarta.

"Ke! Mene ne wannan kike takawa?"

"Fata ce, Baba."

"Fata? Ina idonki? Rubutu ne! Cire shi maza!"

"To ai ba mu iya karatu ba!"

"Don ba mu iya ba sai mu taka? Kin san ko sunan Allah ne a ciki? Ba ki ƙara fita da awakina sai kin dawo da duk abin da kika yanka!"

Ya karɓe sandar kiwonta. Ta cika ta yi fam. Ta miƙa yanki biyu, ta ɓoye na ukun don haushi.

Salama ya sa ta nuna masa kogon, ya ɗauko tulun, ya aika Ƙudus aka kira wani tsohon malamin Yahudawa mai suna Nissim. Tsohon ya shimfiɗa fatar a hankali, ya mayar da yanki biyun gurbinsu.

"Addu'ar kakanninmu ce," ya ce. Ya fara karantawa, sai ya tsaya. "Nan tsakiya babu. Waye ya yi wannan ɓarna? Shekara dubu biyu ko ɓera bai taɓa ta ba!"

Hawaye ya zubo masa. Kunya ta lulluɓe yarinyar. Ta kwance bakin mayafi.

"Ni ce, Kaka. Ga sauran. Ka yafe mini."

Ya ɗora yankin a gurbinsa, ya zauna daidai. Ya karanta addu'ar har ƙarshe, ya shi mata albarka.

Salama ya mayar mata da sandarta, har ya yi mata sabuwar igiya da fatar akuya.

Tun daga ranar, in ta ga abin da ba ta sani ba, sai ta tambaya kafin ta sa wuƙa. Kuma ta gane cewa abin da wasu suke girmamawa, ba a taka shi.