Ranar da Sanyaya Ta Daina Tambaya

Zoben ƙarfen asibiti ya zagaye wuyan Malam Tanimu, ya harba haske cikin ƙullutun ciwon dajin da ke maƙogwaronsa. A Funtuwar shekarar 2094 wannan aikin minti huɗu ne kacal. Wahalar tana gaba. Hasken da allurar kashe daji suna kumbura maƙogwaro har miyau ya gagari haɗiya, mutum ya daina ci, ya rame, a dakatar da magani, cutar ta dawo da ƙarfinta.

Shi ya sa Dakta Rakiya ta shafe shekara goma sha ɗaya tana ƙera Sanyaya, 'yar na'urar da ake mannawa a wuya. Tana tambayar mara lafiya, sannan ta ɗiga masa maganin kumburi daidai raɗaɗin da ya faɗa, don in ya yi yawa yana taɓa ƙoda.

Amma Tanimu, mai tsiren tashar jirage marasa matuƙi, sai zubewa yake yi. Saura zaman magani goma sha biyu, ya rasa kilo tara. Kilo ɗaya ya ƙara tafiya, an tsayar da maganinsa ke nan.

Rakiya ta ja kujera ta zauna kusa da shi.

"Yaya jiki, Malam?" in ji Sanyaya.

"Da sauƙi, alhamdulillahi," ya amsa, hawaye na bin kumatunsa. Nan take Sanyaya, baiwar Allah, ta rage magani.

Rakiya ta dube shi. "Baba, yaushe rabonka da abinci?"

"Kwana uku ne kawai, 'yata."

"To me ya sa ka ce mata da sauƙi?"

"Haba, Likita! Yarinya ta gaishe ni, sai in hau yi mata ƙorafi?"

A ranar ta cire wa Sanyaya tambayar, ta koya mata ƙirga haɗiyar miyau. Haɗiya ta ragu, magani ya ƙaru. Kwana biyu Tanimu ya sha kunu, mako guda ya nemi tuwo. Bai tsallake zama ko ɗaya ba.

Da hoto ya nuna dajin ya ɓace, ya zo da tsire cikin takarda, ya dangwali yaji, ya ci a gaban Rakiya. Ma'aikatan jinya suka ɗauki guɗa.

"Yaya jiki, Baba?" Rakiya ta tambaya, murna ta cika ta.

"Da sauƙi, 'yata."

Sai da ta saci kallon na'urar da ke wuyansa, ta ga fitilarta ta yi kore, alamar yana haɗiya lafiya, sannan ta yarda da shi. Kunya ta kama ta.