Yatsun Birki

"Ka gani kamar yadda na gani, Dogo! Kar ka ce mini ba ka gani ba!"

Dogo ya ajiye sifana a kan kujerar babur, ya kasa ɗago ido. A garejin nan mahaifinta ya koya masa tsere, a nan kuma ya fara ce mata yana sonta.

"Na gani, Auta. Zagayen farko babu mai kamo Baba. Ni ƙarfi gare ni, shi kuwa kowace kwana ya san halinta. Amma in tafiya ta yi nisa... yatsunsa mutuwa suke yi a kan birki."

"To ka gaya wa likitan tsere mana!"

"Ni? A ce na cire surukina don in ci kofi? Haba masoyiyata..."

"Wato sunanka ya fi ransa?"

Ya ɗauki sifanarsa ya koma kan babur. Hakan ya fi komai ƙona mata rai.

Da safe ta tarar da Baba yana fama da maɓallin rigarsa, ya kasa. Ta ɓalla masa.

"Baba, ka haƙura da wannan tseren."

"Ke 'yar nan, tun ba a haife ki ba nake kan babur. Yaran yanzu tsoka ce kawai, kai babu komai." Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Na ƙarshe ne, Autata. Ki rufa mini asiri."

Ta ce to. Daga nan ofishin likita ta wuce, tana tafe tana kuka.

Aka kira Baba, aka ba shi abin gwaji ya matse. Hannun ya ƙi. Aka cire sunansa daga cikin masu tsere.

Bai yi faɗa ba. Kallonta kawai ya yi.

"Kin share wa saurayinki hanya. Allah ya sanya albarka."

"Wallahi Baba ba don shi..."

Ya wuce.

Ranar tsere ya tsaya a bakin shinge cikin 'yan kallo, ita tana gefensa. Dogo ya shigo kwanar ƙarshe da mugun gudu.

"Sassauta, yaro! Ba yanzu ba... yanzu! Ba shi wuta!" Baba ya manta kansa, jikinsa har kwantawa yake yi tare da babur ɗin.

Dogo ya ci. Fili ya kaure da ihu. Ta miƙa hannu ta riƙo na mahaifinta, ya zare shi a hankali ya juya ya tafi.

Ta bi bayansa da kallo, hawaye na zuba. Yana tafiya da ƙafafunsa. Abin da ta roƙa ke nan, shi kaɗai kuma aka ba ta.