Jaririn Roba na Farfesa

Da safe aka kawo wa Sufeto rahoton satar jariri a asibitin koyarwa. Ko shayinsa bai ƙarasa ba ya faɗa mota. Sai da ya isa aka gaya masa jaririn na roba ne.

Har ya buɗe baki zai yi faɗa, ganin mai ƙarar ya sa ya haɗiye. Farfesa ce, tsohuwar likitar da bincikenta ya koya wa asibitoci a ƙasashe da dama ɗaure bakwaini a ƙirji, fata da fata, da farfaɗo da jaririn da aka haifa ba ya numfashi.

"Da shi nake koyarwa," in ji ta. "In aka hura masa iska daidai, ƙirjinsa ya ɗaga. Gobe ungozomomi za su zo daga nesa. In babu shi, surutuna kawai za su koma da shi, hannunsu bai iya komai ba."

Sufeto ya duba ɗakin da ake ajiye shi. Ba a fasa ƙofa ba, kwamfuta tana nan kan tebur.

"Me kuma ya ɓata?"

"Hularsa ta ulu da zanen ɗauri."

"Ɓarawo mai tausayi ke nan. Yana tsoron kada roba ta yi mura."

Ya wuce wurin mai gadi, wani dattijo mai saurin rantsuwa.

"Baba, wa ya fita da kaya jiya da yamma?"

"Wallahi ko tsinke, yallaɓai. Kowace jaka sai na buɗe."

"Da jariri fa?"

"Ai wannan kullum ne. Nan har maza ɗaure 'ya'yansu suke a ƙirji. Wa zai yaye zanen bakwaini iska ta buge shi? Farfesa ta hana."

"Jiya wa ya fita da ɗaya?"

"Wani uba ne a kan babur. Ban san shi ba."

"Babbar nas ta ce jiya ba a sallami kowa ba. Kuma kai mai tsoron iska, ka ga bakwaini a babur ka yi shiru?"

Dattijo ya sunkuyar da kai.

"Ƙaramin likita ne, ɗalibin Farfesa da aka tura asibitin ƙauye. Shi ya farfaɗo da jikata bara. Yallaɓai, da wane ido zan bincike shi?"

Farfesa ta dage sai an je ƙauyen da ita. Asibitin ɗaki uku ne da baranda. Likitan ya fito, ya gaishe da malamarsa.

"Yaushe rabonka da gari?" in ji Sufeto.

"Tun watan jiya."

"Hular da ke shanye a igiyar can fa?"

"Ta wani jariri ce."

Daga ɗakin ciki wata murya ta ce, "Likita, har yanzu bai ɗaga ba!"

Sufeto ya tura ƙofa. Ungozomomi biyu ne tsaye kan jaririn roba, babbar tana riƙe da famfon hura wa jariri iska.

Likitan ya zauna a benci.

"Ni na ɗauka. Makon jiya an haifi yaro ba na nan. Bai yi kuka ba. Famfon yana cikin kabad, amma ba wadda ta taɓa gwada shi. Haka yaron ya rasu. Na nemi aro a ofis, aka ce kayan koyarwa ba sa fita. Ki gafarce ni, Farfesa."

Sufeto ya ciro ankwa, ba don yana so ba.

"Sufeto, bari ya gama koya musu," in ji Farfesa.

Likitan ya tashi, ya gyara wa babbar ungozoma hannu.

"Ɗaga haɓarsa kaɗan, Iya. Rufe hanci da baki gaba ɗaya. To, matsa."

Ta matsa. Ƙirjin robar ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. Matar ba ta daina matsawa ba, hawaye na zuba mata.

"Ashe wannan ne kawai," in ji ta. "Allah ya saka muku da alheri."

Sufeto ya mayar da ankwa aljihu, ya kama hannun likitan zuwa mota. Farfesa ta biyo su har ƙofa.

"Gobe kai za ka nuna wa baƙina wannan, in Sufeto ya ba ni aronka," ta ce masa. "Shekara talatin ina rubutu don abin da na gani yanzu. Na gode, ɓarawo."