Wa Ya Ɗauke Sunan Losaline?

Ranar Alhamis da hantsi Akosita Taufa ta faɗo ofishin 'yan sanda na garin Neiafu a ƙasar Tonga rungume da kwamfutarta, ƙafafunta duk jar ƙasar gona. Ko gaisuwa babu.

"Sajan, an sace mini suna. Kuma ƙanena ne."

Sajan Sulieti ta ture kwanon rogonta gefe. Ta ga satar alade, ta ga satar injin kwalekwale, amma satar suna kam yau ta fara ji. Ta ce mata ta zauna ta faro daga farko.

Akosita manomiyar banila ce, tsiron nan mai ƙamshi da ake sa wa a kek da kayan zaƙi. Tana so ta buɗe shafin intanet don masu saye daga ƙetare, ta sa masa sunan ƙanwarsu Losaline da ta rasu bara. To sunan yana hannun wani mai sayar da turare a wata ƙasa, rajistarsa kuwa ta kusa ƙarewa. Sai ƙanenta Sitiveni, mai aiki a shagon intanet na bakin tashar jirgin ruwa, ya saita mata wata manhaja. Kullum da safe manhajar za ta tambayi whois, wato inda ake duba ko suna yana da mai shi. Ranar da ya kuɓuta, za ta kunna koren allo.

"Ban ga kore ba, ban ga komai ba," in ji Akosita. "Yau na duba da kaina, ashe tun ranar Talata wani ya ɗauke."

"Me ya sa kika ce Sitiveni ne?"

"Wa ya san kan abin in ba shi ba? Dama tun farko cewa ya yi in nemi wani suna."

Kafin ta zo nan ta biya ta shagon ta zazzage wa mai shagon komai, a gaban jama'a. Mutumin ya ce Sitiveni ya zauna a gida tukuna. In zargin ya tabbata aikinsa ya tafi, kuma a gari kamar Neiafu babu wanda zai sake ba shi kwamfutarsa ya taɓa. Abin ya yi wa Sulieti zafi, don ta san yaron tun yana tsallen kamun kifi a bakin tasha.

Ta buɗe kwamfutar ta tambayi whois da kanta. An ɓoye sunan sabon mai shi, an yi rajistar ranar Talata da safe, kuma ba a sa sunan a kasuwa ba. Nan ta tsaya. Masu wawurar sunaye ai don su sayar suke yi. Ta leƙa cikin manhajar, ta tarar an rufe koren allon da hannu, an kuma goge sunan daga inda aka saita shi. Wannan ba aikin baƙo daga nesa ba ne.

"Ina kike ajiye kwamfutar?"

"A ɗakin kwanana."

"Mijinki fa?"

"Yana New Zealand yana tsinkar tuffa. Ko yana nan, ko kunna ta bai iya ba, bawan Allah."

"Ke ina kike ranar Talata?"

"Gona mana. Furen banila da safe kaɗai yake buɗewa, in ban haɗa shi da hannu ba ya faɗi."

Sulieti ta sami Sitiveni a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a bayan gidansu, yana feƙe icen da ba shi da wani amfani.

"Kana iya shiga kwamfutar daga shago?"

"A'a, Sajan. Yaya ta ce kar in bar wa kaina ƙofa, ban bari ba. Ki duba."

Ta riga ta duba, gaskiya ya faɗa. "A ina ka saita ta?"

"A barandarta."

"Ba a ɗaki ba?"

Ya ɗago ya dube ta kamar ta zage shi. "Ɗakin Yaya? Haba Sajan! Kin taɓa ganin yayanki a ɗakinki?"

Ba ta taɓa ba. A Tonga namiji ba ya taka ɗakin kwanan 'yar'uwarsa, ko zama su biyu kaɗai ba sa yi.

"To wa ya zauna da ku a barandar?"

Wuƙar ta tsaya a hannunsa. "Sajan, in aikin ne, su riƙe abinsu. A bar maganar haka."

Sulieti ba ta matsa masa ba. Ta tafi wurin maƙwabciyar Akosita, wata tsohuwa da ke yini a ƙofar gida tana saƙar tabarma, ko kaza ba ta wucewa ba ta gani ba.

"Iya, wa ya shiga gidan can ranar Talata da safe?"

"Babu kowa."

"Sitiveni fa?"

"Tabɗi! Da ya shiga ai da har coci an ji."

"Ko mutum ɗaya bai shiga ba?"

"Na ce miki babu kowa. Gwaggonsu dai ta zo ɗaukar tabarma, ita kuwa ai ba a ƙirga ta."

Ba a ƙirga ta, haka ne. 'Yar'uwar uba ita ce sama da kowa a gidan ɗan'uwanta. Ita ke raɗa wa 'ya'yansa suna, ta shiga inda ta ga dama, ta ɗauki abin da ta ga dama, babu mai ce mata don me. Shi ya sa ko a zuciya Akosita ba ta kawo ta ba.

Gwaggo Vika ta yi shekaru tana koyar da buga keken rubutu, daga baya kwamfuta, kafin ta yi ritaya. Sulieti ta same ta da baƙaƙen kayan makokin Losaline har yanzu, ta zauna a ƙasa ta gaishe ta yadda ya kamata.

"Gwaggo, wanda ya ɗauki sunan nan ba ya son sayarwa. Ya san yadda aka saita manhajar, kuma ya shiga ɗakin da Sitiveni ba zai shiga ba. Mutum ɗaya ne ya ji bayaninsa a baranda."

Tsohuwar ba ta yi musu ba. "Kullum da safe nake zuwa in duba, tana gona. Ranar Talata na ga kore."

"Don me, Gwaggo?"

"Ni na raɗa wa Losaline sunan, 'yata. Allah bai ba ni haihuwa ba, a bayana ta girma, a hannuna ta cika. Sai in wayi gari in ga sunanta manne a kwalba ana cinikinsa? Na faɗa wa Akosita, ta ce zamani ne." Ta share ido da gefen zaninta. "In laifi ne ki rubuta. Ban saci abin kowa ba."

"Shiga kwamfutar mutum laifi ne, amma wannan tsakaninki ne da Akosita. Ni Sitiveni ne ya kawo ni. An dakatar da shi daga aiki, ana ce masa ɓarawo. Ya gane ke ce, ya ƙi faɗa."

Wallahi wannan Gwaggo Vika ba ta sani ba, Sulieti ta gani a fuskarta. Tsohuwar ta yunƙura ta miƙe, ta ce a kira mata su duka a shagon.

Da Akosita ta ji bayani, kuka ta fashe da shi, ta ce ta janye ƙara, ta kasa ko duban ƙanenta. Gwaggo Vika kuwa ta faɗa wa mai shagon komai da bakinta, da ƙarfi, don masu jiran layi su ji. Mutumin ya hau kame-kame, ya ce Sitiveni ya koma kan teburinsa yanzu.

Ana nan tsaye sai tsohuwar ta juya ga Sitiveni, ta durƙusa, ta zauna a kan siminti a gaban ƙafafunsa, ta sunkuyar da kai. Tunda Sulieti take ba ta taɓa ganin gwaggo a ƙasa da ɗan ɗan'uwanta ba.

Sitiveni ya zube a ƙasa shi ma, yana ta ƙoƙarin ya fi ta sunkuyawa, hawaye na zuba.

"Gwaggo, tashi. Don Allah tashi, mutane na gani."

"Su gani," in ji ta. "A gabansu aka ce maka ɓarawo."