Ganye Biyu Daga Sifirin Hagu

Malam Gide bakanike yana kwance ƙarƙashin Landirobar da ta kife lokacin da ya gane an yi sata. A harabar ofishin 'yan sanda na Faskari aka jawo ta aka ajiye. Shekarar 1976 ce, kuɗin man fetur sun cika hanya da motoci, haɗari kuma ya yawaita. Wannan ya ci ran wani ɗan kasuwa, Salihu, a gangaren Yankara. Direban, Harisu, ɗan Malam Gide ne tilo, kuma yana kulle a ciki.

"Baba, fito haka nan," in ji Saja Sha'ibu. "Litinin za mu kai shi kotu Funtuwa. Ko shi ya yi tuƙin ganganci, ko kai ka ɗaura sifirin ba daidai ba. Ɗaya cikinku ne."

"Saja, don Allah duƙo ka ƙirga."

Sifirin gaba faya-fayan ƙarfe ne jere bisa juna, kanikawa na ce musu ganye. Saja ya ƙirga na dama, tara. Ya ƙirga na hagu, bakwai.

"Tara-tara na ɗaura a Kankara da hannuna," Malam Gide ya ce. Ya buɗe tafinsa, ga wani guntun ƙarfe. "Ƙusar tsakiya ke nan, wadda ke riƙe ganyen, ta kuma kafe aksul, sandar da tayoyin gaba ke kanta. Tawa mai noti ce. Wagga ba ta da zare ma."

Saja ya duba guntun, sannan ya ce ya ba shi kwana biyu.

Suka fara da Harisu. Yana zaune a ƙasa, kai naɗe da bandeji.

"Ina ka tsaya da motar nan?" in ji Saja.

"Sheme, Bilya ya canza mini taya. Sai Sabuwa, zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu gidan Inna Hajaratu. Na bar motar a inuwa bakin kasuwa."

"Yaushe ta fara ja?" mahaifinsa ya tambaya.

"Da na taso daga Sabuwa, Baba. Tana ta jan hagu, na ɗauka iskar taya ce. A gangare muka faɗa rami, na ji ƙas. Na murɗa sitiyari dama, ita kuma ta tafi hagu."

Saja ya fi zargin Bilya, don an san shi da musanya kayan mota. Suka same shi a Sheme yana faci.

"Ni? Ranka ya daɗe, ko shayina bai huce ba na gama tayar, fasinja shida na tsaye kaina."

Malam Gide ya miƙa masa guntun ƙusar. Bilya ya juya ta, ya yi tsaki.

"Baba, wane bakanike zai yi wannan? Ga gwangwani cike da noti."

Kwana ɗaya ya tafi. Malam Gide bai iya cin komai ba. Ran Lahadi suka hau motar hatsi zuwa Sabuwa, yana ta juya ƙusar a aljihu, yana shafa kanta da yatsa. Kan a baje yake kamar laimar kwaɗi. An gasa ta da wuta, aka dake ta da masaba.

Inuwar da Harisu ya faɗa tana bayan wata maƙera. Mai ita, Ɗanliti, yana zuga wuta, ga sababbin fartanyoyi jere, don damina ta matso.

"Ƙarfen nan mai kyau ne," in ji Saja. "Daga ina?"

"Funtuwa nike sayen tsofaffin ƙarafa."

"Ka taɓa motar da ta kwana nan?"

"Mi ya haɗa maƙeri da mota?"

Malam Gide ya durƙusa gaban tarin ƙarafan, yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Gwangwani ya yanke shi, bai kula ba. Ya kusa kai ƙasa babu komai, har Saja ya dafa kafaɗarsa. Sai ya zaro rabin ganye, baƙin fentinsa bai ko goge ba.

"Saja, dubi bakinsa. Ɗigo uku. Kowane ganye nakan buga masa su a gefen gaba, don kada a juya shi wajen ɗauri. Bakwai ɗin da ke Faskari duk suna da su."

Ya juya ga Ɗanliti, ya yi magana a hankali kamar mai koyarwa.

"Ka zare biyu, don ba abin da ke ba fartanya kaifi kamar ƙarfen sifirin. Ƙusar ta karye maka wajen kwancewa, sai ka yi abin da ka iya, ka ƙera wata ka dake kanta. Hagu ta yi ƙasa, mota ta riƙa ja. Da ta faɗa rami ƙusarka ta tsinke, aksul ya zame baya ta hagu. Taya ɗaya gaba, ɗaya baya, ko wa ke riƙe da sitiyari, hagu za ta."

Ɗanliti ya ajiye masaba.

"Haka nike ɗaure amalanke, Malam. Shekara goma ba ta motsi. Biyu kawai na ɗauka cikin tara."

"Amalanke tafiyar shanu take yi," in ji Malam Gide.

"An ce mutum ya mutu?" in ji Ɗanliti.

"Ya bar 'ya'ya huɗu," Saja ya ce, ya ciro ankwa.

Da la'asar aka buɗe wa Harisu ƙofa. Bai fito ba, ya tsaya riƙe da ƙarfen ƙofar.

"Baba, hannuna ne?"

"Ba hannunka ba ne."

"Naka fa?"

"Ba nawa ba."

Harisu ya sulale ƙasa ya fashe da kuka. Malam Gide ya zauna gefensa a kan simintin, ya bar shi ya yi mai isarsa.

"Tashi ka wanke fuska," ya ce daga baya. "Gidan su Salihu za mu fara zuwa."